Alƙawarin da Talla Ba Ya Furtawa

A shekarar 1879 wani likita a birnin St. Louis na Amurka ya haɗa wani ruwan magani don kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin tiyata, aka sa masa suna Listerine. Ya yi shekara 40 a kasuwa cinikinsa bai taka kara ya karya ba. A farkon shekarun 1920 sai kamfanin Lambert mai sayar da shi ya sauya salo. Ya rage bayani a kan abin da ke cikin kwalbar, ya koma ba da labarin wata budurwa mai suna Edna, wadda ƙawayenta ke ta yin aure ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa kullum ƙawar amarya ce, ga shekara 30 tana matsowa. Dalilin, in ji tallan, warin baki ne, kuma ko aminiyarta ba za ta iya gaya mata ba. Cikin shekara 7 kuɗin shigar kamfanin ya tashi daga kimanin dala 115,000 zuwa sama da dala miliyan 8. Wannan magani dai an shafe fiye da shekara 50 ana tallansa da cewa yana hana mura da ciwon maƙogwaro. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta bi diddigin wannan iƙirari, ta same shi ba gaskiya ba, ta tilasta wa kamfanin Warner-Lambert, wanda ya gaji maganin, ya janye maganar a cikin tallace-tallace na kimanin dala miliyan 10. An kama shi a kan mura saboda ya faɗe ta da baki. A kan Edna kuwa babu hukumar da ta taɓa tuhumarsa, alhali tsoron rasa miji shi ya gina kasuwar.

Kowane talla yana ɗauke da magana iri biyu. Akwai wadda ake furtawa, kamar nauyin kaya ko farashinsa ko aikin da yake yi, wadda za a iya kai ta ɗakin gwaji a tabbatar ko a ƙaryata. Akwai kuma wadda ake dasawa a zuciya ta hanyar hoto da kiɗa da labari, ba tare da an ce uffan ba. Ta biyun ce ke sayar da kaya, kuma ita ce dokoki suka fi kasa kamawa. A ganina ba laifi ba ne talla ya taɓa zuciyar mai saye, domin ciniki bai taɓa yiwuwa ba sai da hakan. Amma duk wanda ya taɓa zuciyar mutum don ya karɓi kuɗinsa ya ɗauki alƙawari, kuma ya kamata a riƙe shi da wannan alƙawari tamkar da bakinsa ya faɗa.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki yana cikin halittar ɗan Adam. Antonio Damasio, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Fotugal da ya yi aiki a Jami'ar Iowa, ya ba da labarin wani majinyacinsa a littafin da ya fitar a 1994. Mutumin, wanda ya sakaya sunansa da Elliot, an cire masa ƙari a gaban ƙwaƙwalwa. Bayan tiyatar hankalinsa na nan daram, lissafinsa da tunawarsa da iya maganarsa ba su taɓu ba. Abin da ya rasa shi ne motsin rai: sai a nuna masa hoton hatsari ko gobara ya kalla ba tare da ya ji komai ba. Da an bi ra'ayin da aka daɗe a kai, cewa motsin zuciya cikas ne ga hankali, da wannan mutum ya fi kowa iya yanke shawara. Akasin haka aka gani. Ƙaramin zaɓi sai ya ɗauke shi sa'o'i yana auna dalilai bai kai ga matsaya ba, har ya rasa aikinsa da dukiyarsa da aurensa. Damasio ya kammala da cewa hankali yana jera hanyoyin da ake da su, amma abin da mutum yake ji a ransa shi ke ba kowace hanya nauyi har ya iya zaɓar ɗaya. Masu talla sun gano haka da gogewar kasuwa tun kafin likitoci su tabbatar.

Akwai shaida a kan kayan kasuwa kai tsaye. A 2004 Read Montague da abokan aikinsa a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston sun shayar da mutane Coca-Cola da Pepsi suna cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Lokacin da ba su san wanne suke sha ba, zaɓinsu ya rabu kusan daidai. Da aka gaya musu cewa Coca-Cola ce a kofin sai da yawa suka fifita ta, kuma sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da tunawa suka shiga aiki. Ruwan bai canza ba, abin da sunan ya tara a kansu tsawon shekaru shi ya shigo cikin ɗanɗanon. A Birtaniya kuma Les Binet da Peter Field sun nazarci ɗaruruwan yaƙin talla da ƙungiyar kamfanonin talla ta ƙasar ta adana bayanansu, suka fitar da sakamako a 2007 da 2013. Sun ga cewa talla mai kawo hujja yana iya ɗaga ciniki na ɗan lokaci, amma mai sosa rai shi ke jawo riba mai ɗorewa, kuma shi ke sa mai saye ya daina kula da tsadar kaya. Dalilin a fili yake. Yawancin kayan da ke gasa da juna, sabulu ne ko madara ko layin waya, kusan iri ɗaya ne. Idan kamfani ya ƙirƙiro wani abu sabo, abokin gasarsa zai kwaikwaya cikin 'yan watanni. Ƙaunar da mutane ke yi wa suna kuwa ba a iya kwaikwayonta, don haka nan ake zuba kuɗi.

Yadda ake yin aikin ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗaukar wani abu da mutum ya riga ya damu da shi, soyayya ko mutunci ko zama namiji ko zama uwa tagari, a ajiye shi kusa da kayan, a maimaita har zuciya ta daina rarrabe su. A 1938 kamfanin De Beers na Afirka ta Kudu, da cinikin lu'ulu'u ya faɗi, ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer a Amurka. Aka riƙa sa wa taurarin fim zoben lu'ulu'u, ana aika masu lacca makarantun 'yan mata, a 1947 kuma wata marubuciyar talla, Frances Gerety, ta samar da taken da ya ɗaura dawwamar dutsen da dawwamar soyayya. Wannan take ya yi aiki biyu: ya sa saurayi jin cewa girman dutsen shi ne ma'aunin sonsa, ya kuma sa mace jin kunyar sayar da nata, abin da ya hana tsofaffin duwatsu dawowa kasuwa su karya farashi. A Japan, inda al'adar ba ta da tushe ko kaɗan, ƙasa da kashi 5 cikin 100 na amare ne ke samun zoben lu'ulu'u a 1967. Zuwa 1981 sun kai kimanin kashi 60. Haka aka yi da sigarin Marlboro. Da farko na mata ne. A tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da binciken likitoci ya fara danganta shan taba da kansar huhu, kamfanin talla na Leo Burnett ya ɗora shi a hannun kaboyi a kan doki cikin faffaɗan daji. Babu wata magana a kan lafiya a hoton, sai mutum mai ƙarfi, mai 'yancin kansa, wanda ba ya tsoron komai, kuma wannan ita ce amsar da kamfanin ya ba wa tsoron cutar kansa. Wayne McLaren da David McLean, biyu daga cikin waɗanda suka fito a tallan, kansar huhu ce ta yi ajalinsu, ɗaya a 1992 ɗaya a 1995.

Wasu na ɗauka cewa sirrin talla yana cikin wasu saƙonni da ake cusawa cikin hoto a ɓoye. Wannan zance ya samo asali ne daga James Vicary, wanda ya ce a 1957 ya ƙara cinikin lemo da gugguru a wani gidan sinima ta hanyar walƙa kalmomi da sauri yadda ido ba ya kamawa. A 1962 shi da kansa ya amsa cewa maganar ba ta da tushe. Abin da ke aiki a kanmu a bainar jama'a ake yin sa, muna kallo, wani lokaci ma muna rera waƙarsa.

A nan gida ma hanyar ɗaya ce, sai dai jijiyoyin da ake taɓawa namu ne. Da watan azumi ya kama, tallan dunƙulen miya da na madara da na shayi sai su cika rediyo da talabijin da hoton iyali a kan tabarmar buɗa-baki, maigida ya kai loma ya ɗago ya dubi uwargida da murmushi, surukuwa ta gyaɗa kai. Ba a ce dunƙulen zai gyara zaman aure ba, amma abin da aka nuna ke nan. Wannan mai sauƙi ne, domin dunƙulen yana ƙara wa miya ɗanɗano, kuɗinsa kaɗan ne, in bai yi wa mace ba gobe ta sayi wani. Wanda ya fi damuna shi ne mai maganin gargajiya da ke kafa lasifika a tasha ko bakin kasuwa. Ku saurari yadda yake jera alamomin ciwo: kasala, ciwon baya, kumburin ciki, yawan mantuwa, jin gajiya bayan aiki. Babu baligi da ba ya jin ɗaya daga cikinsu. Daga nan sai ya sa musu suna, basir ko sanyi, ya ɗaura su da abin da namiji ya fi jin kunyar faɗa, wato gazawa a gaban iyalinsa. Mutumin da aka tsorata ta wannan fuska ba zai je asibiti ya tambaya ba, ba zai shawarci abokinsa ba, kuma in maganin bai yi aiki ba, ba zai dawo ya yi ƙorafi a gaban jama'a ba. Haka ake yi wa mata da kayan mata, inda ake amfani da fargabar kishiya, da kuma man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga cikin mayukan na ɗauke da sinadarai masu lalata fata da ƙoda. Kwalbar ba ta ce baƙar mace ba za ta auru ba. Hotuna biyu ake jerawa, na fari fuska a murtuƙe, na biyu fara tas tana dariya, sauran bayanin mai kallo ce ke ƙarasa wa kanta.

Mai musu zai ce mutane ba yara ba ne. Kowa ya san talla talla ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai gaskiya a nan da bai kamata a raina ba. Tallace-tallace da yawa suna faɗuwa, kayan da ba su da kyau ba sa daɗewa komai daɗin waƙarsu, kuma matar da ke auna kuɗin cefane ta fi mai talla sanin abin da aljihunta zai ɗauka. Sai dai wannan hujja tana ɗauka cewa sai an gaskata talla yake aiki, kuma nan ta kuskure. Robert Zajonc ya nuna tun a 1968 cewa yawan ganin abu kawai, ko da alama ce marar ma'ana, yana sa mutum ya fi son sa. Ba a buƙatar a yarda da komai. Babu matar da za ta ce ta yarda dunƙulen miya na ƙara mata daraja wurin miji, amma in ta tsaya gaban mai tebur hannunta ya san wanda zai ɗauka. Hujja idan aka kawo ta mutum yana iya cewa ƙarya ne. Hoton uwa tana rungume da ɗanta kuwa babu inda za a kama shi a musanta, shi ya sa yake wucewa ba tare da an tare shi ba. Sannan da a ce wannan hanya ba ta tasiri, da kamfanonin da ke ƙididdige kowane kwabo ba su ci gaba da zuba mata ɗaruruwan biliyoyin daloli duk shekara ba.

Musu na biyu ya fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa. Ana cewa jin daɗin da talla ke ƙara wa kaya shi ma amfani ne na gaske. A 1981 mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa wani gwaji da aka yi da mata 835 masu ciwon kai, inda aka ga cewa ƙwayar da ke cikin kwali mai sanannen suna ta fi sauƙaƙa ciwon a kan irinta sak da ke cikin kwali marar suna. Wanda ya sayi shadda mai suna ya sa ta ranar Sallah ya ji ya isa, bai yi asara ba, ya samu abin da ya biya. Ban da haka, da wannan makami ake yaƙi da cututtuka. Bayan turjiyar da aka yi wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, alƙaluma kaɗai ba su dawo da iyaye ba. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa shiga unguwanni suna nuna wa iyaye abin da ake guje wa 'ya'yansu, kafin a kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Wannan ma taɓa zuciya ne, tsoratarwa ce ma. Bambancin shi ne tsoron na gaskiya ne, digon rigakafin kuma yana kawar da abin da ake tsoro. Ma'aunin ke nan da nake ganin ya dace a ɗora kowane talla a kai. Shin damuwar da ya taɓa tana nan tun da farko, ko shi ya haifar da ita? Shin kayan na iya biyan buƙatar da hoton ya nuna? In kuma ba su iya ba, me mai saye zai rasa, naira 50 ko lafiyarsa?

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a cinikin madarar jarirai. Tun a 1939 Dakta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana kuma ta fara bayanin cutar kwashiyoko a rubutun likitanci, ta yi jawabi a Singafo tana danganta tallan madarar gwangwani da mutuwar jarirai. A shekarun 1960 da 1970 kamfanoni sun riƙa tura mata sanye da kayan ma'aikatan jinya zuwa ɗakunan haihuwa a Afirka da Asiya da Latin Amurka, suna raba madara kyauta, ga hoton jariri ɓul-ɓul a jikin gwangwani. Uwa ta fara ba da fida, nononta ya ragu saboda jariri ya daina tsotsa, kyautar ta ƙare, kuɗin sayen wata ya gagara, sai ta riƙa tsinka madarar da ruwan da ba shi da tsafta. Gudawa da tamowa suka biyo baya. Rahoton ƙungiyar War on Want na 1974 da ƙauracewar da aka fara yi wa kayan Nestlé a 1977 suka kai ga ƙa'idar da Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 1981, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Abin lura a ƙa'idar shi ne ba ta tsaya kan hana ƙarya ba. Ta hana tallata madarar ga jama'a, ta hana rabon samfur kyauta, ta hana sa hoton jariri a jikin gwangwani, domin waɗanda suka tsara ta sun gane cewa hoton shi ne iƙirarin. Duk da haka lamarin bai mutu ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da binciken da suka yi da iyaye da masu juna biyu 8,500 a ƙasashe 8, har da Najeriya, inda kashi 51 cikin 100 suka ce tallan madarar ya iske su. Salon yanzu shi ne a ɗauki kukan jariri da rashin barcinsa da dare, abubuwan da kowane jariri ke yi, a nuna wa uwa kamar alamar nononta bai isa ba. Uwar da ta haihu jiya, ga gajiya ga fargaba, ita ce mafi raunin mai saye a duniya, kuma ƙaunar da take yi wa ɗanta ce ake juyawa a cuce shi da ita.

Al'ummarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Malaman fiƙihu sun daɗe da haramta najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi a kan kaya ba don zai saya ba, sai don ya zuga wani ya saya da tsada. Mai najashi bai faɗi ƙarya ko ɗaya a kan kayan ba. Abin da ya ƙirƙira shi ne jin cewa wasu na rububi, za a rasa in ba a yi sauri ba, kuma shari'a ta ɗauki wannan a matsayin ha'inci. Sun kuma yi hani ga yawan rantsuwa don a sayar da haja. Ke nan tun tuni aka fahimci cewa ana iya yaudarar mutum ta hanyar abin da aka sa ya ji. A duba yadda tsarin zuba kuɗi na MMM ya yaɗu a Najeriya. Ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, abin da hankali ba zai ɗauka ba, amma ya kira kansa taron masu taimakon juna, kuma yana ba da lada ga duk wanda ya ɗauki bidiyon kansa yana murnar kuɗin da ya samu. Mutum ya ga maƙwabcinsa da abokin aikinsa suna godiya, sai ya ji shi kaɗai aka bari a baya. Da aka rufe asusun mutane a watan Disambar 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Jarumin fim ko mai tarin mabiya a TikTok da aka biya ya ce wani mai ko wani magani ya canza masa rayuwa, alhali bai taɓa amfani da shi ba, aikin mai najashi yake yi, kuma amanar masoyansa yake sayarwa.

Wayar hannu ta ƙara wa lamarin kaifi. Allon talla na bakin titi kowa yake yi wa magana iri ɗaya, waya kuwa ta san abin da mai ita ya nema da tsakar dare. A watan Janairun 2012 Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani na tsawon mako guda, wasu aka rage musu labaran farin ciki, wasu na baƙin ciki, ba tare da an sanar da su ba. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna rubutun mutanen ya ɗan karkata zuwa irin abin da aka nuna musu. Tasirin ƙarami ne, amma ya tabbatar da cewa ana iya yi. A 2017 wata jaridar Ostireliya ta fallasa takardar cikin gida inda ma'aikatan kamfanin ke nuna wa masu talla cewa suna iya gane lokacin da matasa ke jin ba su da daraja ko sun karaya. Kamfanin ya ce ba ya ba masu talla damar bin mutane ta yanayin ransu. Ko da an karɓi wannan, sanin yana hannunsu, kuma maganarsu kaɗai ce shingen.

Saura musu na ƙarshe: wa zai yi alƙalancin abin da hoto yake nufi, kuma ba za a buɗe ƙofar takura wa 'yan kasuwa da kafafen yaɗa labarai da ke rayuwa da kuɗin talla ba? Tsoron yana da dalili, musamman a ƙasar da hukuma kan mayar da kowace doka hanyar karɓar kuɗi. Shi ya sa ban ce a sa ido kan kowane tallan sabulu ba. A taƙaita tsananin ga wuraren da kuskure ke da tsada kuma mai saye ba shi da hanyar tantancewa: magani, abincin jarirai, mayukan fata, caca, zuba jari, da duk tallan da aka nufi yara da shi. An yi hakan a wurare da dama kasuwa ba ta rushe ba. Lardin Kebek na Kanada ya hana tallan da aka nufi yara 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980, Suwidin ta hana irinsa a talabijin ga 'yan ƙasa da 12 tun 1991. Ostireliya ta tilasta sayar da sigari a kwali marar ado daga Disambar 2012, kamfanonin taba kuma suka kai ta ƙara a cikin gida da waje suka sha kaye. Irin kuɗin da suka kashe a shari'ar ya nuna darajar da ado ke da ita a wurinsu. A Indiya hukumar sa ido ta masu talla ta hana nuna mai duhun fata a matsayin wanda ya rasa aiki ko aure saboda launinsa tun 2014, a 2020 kuma Unilever ya sauya sunan man Fair & Lovely. Najeriya ma ta hana tallan taba a dokar 2015.

Kayan aikin suna nan. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin APCON ta ba ta ikon tantance talla kafin a fitar da shi, har da na intanet, NAFDAC kuma ita ke ba da izinin tallan magani da abinci da kayan shafa. Abin da ya rage shi ne masu tantancewar su riƙa tambayar abin da mai kallo zai fahimta bayan ya gama kallo, su ɗauki wannan a matsayin iƙirarin kamfani, su nemi hujjarsa. Su kuma samu ma'aikata masu jin Hausa sosai, domin yawancin tallan da ke cutar da mutanenmu ba ya bi ta ofishin kowa a Legas ko Abuja. Daga lasifikar tasha yake fitowa, da shirin da aka saya a rediyo, da bidiyon waya. Gidajen rediyo da talabijin na Arewa, waɗanda jama'a suka ba amana, su daina sayar da lokacinsu ga mai maganin da ba shi da lambar rajista, ko da kuɗin na da yawa. Jaruman Kannywood da mawaƙa kuma, kafin su ɗaga kwalba a gaban kyamara, su tambayi abin da ke cikinta, su kuma gaya wa masu kallo a fili cewa biyan su aka yi.